Kitsen jini a jikin mai juna biyu da ke da ciwon suga: tambayoyi da amsoshi

Macen da aka gaya wa tana da ciwon sugan juna biyu, hankalinta kacokan yakan koma kan 'yar na'urar auna suga. Sai ranar da aka miƙa mata takardar gwajin kitsen jini, ta ga lambobi sun haura iyakar da aka buga a gefe, gabanta ya faɗi. Wani hawan na lafiya ne, wani na buƙatar sa ido, wani kuma na gaggawa ne. Amsoshin nan za su taimaka miki ki bambance, ki kuma san abin da za ki tambayi likitanki ranar awo.

Me ake nufi da kitsen jini, kuma me ke rubuce a takardar?

Kitse da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuwa akasarinsa ruwa ne. Don haka jiki yakan ƙunshe kitse cikin 'yan ƙananan ƙullaye masu ɓawon furotin, su riƙa yawo da shi a jijiyoyi. Takardar gwaji takan zo da layi huɗu.

Na farko tiraigilisaraid, kitsen da jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi, ko ya adana a matsayin teɓa. Wani daga abinci yake zuwa kai tsaye, wani kuma hanta ce ke haɗa shi daga rarar suga da sitaci. Ki riƙe wannan batu na hanta, za mu yi ta komawa kansa. Na biyu jimillar kolestarol. Na uku LDL, mai kai kolestarol sassan jiki, wanda idan ya yi yawa shekara da shekaru yakan taru a bangon jijiyoyi. Na huɗu HDL, mai kwaso rarar ya mayar wa hanta.

Ga macen da ba ta da ciki, ana son tiraigilisaraid ƙasa da 1.7 mmol/L, wato 150 mg/dL, jimillar kolestarol ƙasa da 5.2, wato 200, HDL kuma sama da 1.3, wato 50. Waɗannan iyakokin ne ɗakunan gwaji suka saba bugawa, ko mai jinin na da ciki ko ba ta da shi, kuma daga nan yawancin fargabar ke tasowa.

Ciki da kansa yana ɗaga kitsen jini?

Ƙwarai kuwa, ko ga wadda ba ta da ciwon komai. A rabin farko jiki tanadi yake yi: ci ya ƙaru, kitse na taruwa a ƙugu da cinyoyi. A makonnin farko ma kitsen jini yakan ɗan sauka kafin ya fara hawa. Daga tsakiyar ciki sai al'amari ya juya. Mabiyiya ta girma, tana zuba sinadaran homon masu sa jiki ya rage jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa sassan jiki. Rumbun da aka cika sai a buɗe shi. Kitse ya fito daga ma'ajiyarsa ya nufi hanta, homon ɗin istirojin ya sa hanta ta ƙara haɗa tiraigilisaraid, sinadarin da ke kwashe shi daga jini kuma ya rage aiki. Amfanin haka shi ne uwa ta koma ƙona kitse, ta bar wa ɗan cikinta suga.

Zuwa watanni ukun ƙarshe tiraigilisaraid yakan ninka biyu zuwa uku, kolestarol ya ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin 100, HDL ya hau zuwa tsakiyar ciki sannan ya ɗan sauko. Kolestarol ɗin ba a banza yake hawa ba, da shi mabiyiya ke haɗa furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki. Wadda ke da tiraigilisaraid 1.1 kafin ciki, idan aka auna ta a mako na 34 aka ga 2.7, ba cuta ba ce, ko da an ja wa lambar jan layi.

To, me ciwon suga ya ƙara a kai?

Ciwon sugan juna biyu na faruwa ne idan rashin jin insulin ya fi ƙarfin abin da jiki ke iya samarwa. Insulin kuwa ba suga kaɗai yake kula da shi ba. Shi ne ke tsare ƙofar rumbun kitse, shi ne kuma ke zaburar da sinadarin da ke share tiraigilisaraid daga jini. Idan ya gaza, ƙofa ta buɗe fiye da ƙima, shara ta ragu, ga rarar suga tana isa hanta ana mayar da ita kitse.

Abin da bincike ya fi nunawa a kai a kai shi ne masu wannan ciwo suna da tiraigilisaraid mafi yawa da HDL mafi ƙanƙanta idan aka kwatanta da sauran masu ciki, kuma bambancin yakan fara bayyana tun kafin a gano ciwon. Jimillar kolestarol da LDL kuwa ba su cika bambanta sosai ba. Saboda haka idan takarda ta zo hannunki, layin tiraigilisaraid za ki fara dubawa.

Yaushe ake gano ciwon sugan, da wace lamba?

Galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Ki kwana ba ki ci ba, a ɗibi jini, ki sha ruwa mai sugan gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2013, lamba ɗaya ta isa a ce akwai ciwon: 5.1 mmol/L kafin sha, ko 10.0 bayan awa ɗaya, ko 8.5 bayan awa biyu.

Dole ne kowace mai ciwon sugan ciki ta yi gwajin kitse?

A'a, ba ya cikin gwaje-gwajen awo na kowa da kowa. Amma akwai waɗanda muke ganin bai kamata a tsallake su ba: wadda aka taɓa gaya wa kitsen jininta ya hau, wadda ta taɓa yin kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, wadda a danginta ake samun bugun zuciya tun da ƙuruciya, mai ƙiba sosai, mai ciwon ƙoda, wadda tayirod ɗinta, wato gaɓar da ke gaban wuya, ba ya aiki yadda ya kamata, da mai shan magungunan da ke ɗaga kitse, irin su sitiroyid da wasu magungunan ƙanjamau. Ga irin waɗannan, gwaji tun farkon ciki ya fi amfani, domin shi zai nuna inda za a iya kaiwa a ƙarshe.

Yaya zan shirya wa gwajin?

Ki ci abincin dare kamar yadda kika saba, ki daina ci awa 8 zuwa 12 kafin ɗibar jini. Ruwa zalla ki sha yadda kike so, ban da shayi mai madara ko suga. A ɗibi jinin da sassafe, ki tafi da abin karyawa a jaka ki ci da zarar an gama. Idan ranar gwajin gulukos ne, ana iya haɗa su a ɗiban farko, kafin ki sha ruwan. Mai allurar insulin ta tambayi likita tun kafin ranar yadda za ta yi da allurar dare da ta safe, don kada suga ya faɗi tana zaune a layi.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata sakamako. Cin abinci mai maiƙo 'yan awanni kafin gwaji yakan ɗaga tiraigilisaraid. Yin gwaji lokacin zazzaɓi ko wata rashin lafiya mai tsanani yakan canza lambobin. Na uku kuma mutane ba su cika sani ba: ɗakunan gwaji da yawa ba sa auna LDL kai tsaye, lissafa shi suke yi, su cire HDL da wani kaso na tiraigilisaraid daga jimillar kolestarol. Da zarar tiraigilisaraid ya wuce 4.5 mmol/L, wato 400 mg/dL, wannan lissafi ya rushe, kuma LDL ɗin da aka rubuta ba abin dogaro ba ne. A nan gara a cire HDL daga jimillar kolestarol kawai a duba abin da ya rage, ko a nemi aunawa kai tsaye.

Ki kuma duba ma'aunin da ke gefen lambar. Tiraigilisaraid 2.5 a mmol/L daidai yake da kusan 220 a mg/dL. Wadda ta canza ɗakin gwaji tana iya zaton abu ya yi tsalle alhali ma'auni ne ya canza.

Wace lamba ce abin damuwa?

Lokacin da aka auna yana da muhimmanci kamar lambar kanta. Tiraigilisaraid 3 a mako na 36 ba ɗaya yake da 3 a mako na 10 ba, domin na mako na 10 yana da sauran ninkawa a gabansa. Wadda ta shiga ciki da 4 tana iya kaiwa 11 ko 12 kafin haihuwa, shi ya sa irin wannan ake maimaita mata gwaji a kai a kai.

Daga 5.6 mmol/L, wato 500 mg/dL, an shiga hawa mai tsanani, sai likita ya sa hannu sosai a kan abinci da suga. Daga 11.3, wato 1000 mg/dL, haɗarin kumburin fankiriyas ya yi yawa, kuma sau da yawa sai an kwantar. Ciwon suga shi kaɗai bai cika kai mace nan ba, yawanci akwai larurar gado a ƙasa wadda ciki ya tono.

Sugana ya daidaita, amma hoton ciki ya nuna yaron yana ta ƙara girma. Kitse ne?

Yana iya zama da hannunsa. Tsohon bayanin da likita Jorgen Pedersen ya kawo a shekarun 1950 shi ne sugan uwa na tsallakawa ga ɗa, jikin ɗan ya zuba insulin, insulin ya sa shi tara ƙiba. Wannan gaskiya ne har yau, sai dai suga ba shi kaɗai ne abincin ɗan ciki ba. Tiraigilisaraid ba ya tsallaka mabiyiya yadda yake, amma mabiyiya na da sinadarai masu farfasa shi zuwa ƙananan ɓangarori, su kuma su wuce. An sha ganin cewa ko a cikin matan da sugansu ya daidaita, waɗanda tiraigilisaraid ɗinsu ya fi yawa sun fi haifar manyan jarirai.

Kafin a ɗora wa kitse laifi, a fara bin sahun sugan da kyau. Ana son kafin karyawa ƙasa da 5.3 mmol/L, awa ɗaya bayan abinci ƙasa da 7.8, awa biyu bayan abinci ƙasa da 6.7. Mata da yawa da safe kawai suke aunawa, hawan da ke biyo bayan abincin rana da na dare ya wuce ba a gani ba. Girman jariri ba abin wasa ba ne: daga kilo 4 zuwa sama haɗarin maƙalewar kafaɗa wajen haihuwa, yagewa, tiyata, da faɗuwar sugan jariri a awannin farko duk suna ƙaruwa.

Akwai alaƙa da hawan jinin masu ciki?

Akwai. Matan da tiraigilisaraid ɗinsu ya yi yawa sun fi kamuwa da hawan jinin da ke zuwa bayan mako na 20 tare da furotin a fitsari, wanda idan aka yi sake yakan kai ga jijjiga. Ciwon sugan ma na ƙara wannan haɗari. Awon jini 140 bisa 90 ko sama, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin wulgawar haske ko dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: ko ɗaya daga ciki ya isa a tafi asibiti ranar, ba sai ranar awo ba.

Ta yaya ake gane kumburin fankiriyas?

Ciwo ne mai tsanani a saman ciki, ƙasan ƙirji, yakan soke har baya, da amai wanda ba ya kawo sauƙi. Sau da yawa mace takan ji dama-dama idan ta zauna ta sunkuya gaba, ya ƙaru idan ta kwanta rigingine. An fi ganinsa a watanni ukun ƙarshe, lokacin da ake saurin cewa ƙwannafi ne ko naƙuda. Yana barazana ga ran uwa da na ɗa, don haka ba a jira gari ya waye.

Wani lokaci jinin ne ke fara tona asiri. Idan aka ajiye kwalbar ta natsa, ruwan da ya kamata ya taso sama garau, launin rawaya-rawaya, sai ya fito fari kamar madara. Wasu kuma ƙananan ƙuraje masu launin rawaya ke fito musu a gwiwar hannu, gwiwa da ɗuwawu. Abin lura ga ma'aikata: jini mai maiƙo haka yakan rikita gwajin amilas, wanda ake gano kumburin fankiriyas da shi, ya fito kamar lafiya lau, saboda haka sakamakon bai isa a sallami mai ciwo ba. Magani a asibiti ya haɗa da dakatar da ci, ƙarin ruwa, maganin ciwo, insulin ta jijiya, wani lokaci har da tace ruwan jini da na'ura.

Me zan ci, me zan bari?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren kan fito ne daga kyakkyawar niyya. Mace ta ga duk lokacin da ta ci sitaci na'ura ta nuna hawa, sai ta yanke shi kusan gaba ɗaya, ta cike gurbin da soyayyen nama, man shanu da kitse. Na'urar ta nuna lambobi masu kyau, ta samu kwanciyar hankali. Amma na'urar suga ba ta ganin kitse, kuma yawan daskararren kitse na ƙara wa jiki rashin jin insulin. An toshe ƙofa ɗaya an buɗe wata.

Mai ciki na buƙatar aƙalla giram 175 na sinadarin sitaci da dangoginsa a rana (ba nauyin abincin kansa ba), furotin giram 71, da harza, wato dusa da zaren ganye da hanji ba ya narkarwa, giram 28. Dabarar ita ce a raba, a kuma zaɓa. Abinci sau uku madaidaita da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani. Karin safe ya fi kowanne ƙarancin sitaci, domin da safe jiki ya fi ƙin jin insulin. A faranti, rabi ganye da kayan lambu, kwata nama marar kitse ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata hatsi wanda ba a cire masa dusa ba.

Abin da ya fi saurin ɗaga tiraigilisaraid shi ne suga mai ruwa-ruwa: lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace ko da na gida ne, da shayi mai zaƙi. Gwangwanin lemo guda mai mililita 330 yakan ɗauki suga kusan giram 35, fiye da ƙaramin cokali 8, kuma wani ɓangare nasa hanta yake nufa kai tsaye a mayar da shi kitse. Zuma ma a wannan sahun take. 'Ya'yan itace a ci su ɗungurungum, ɗan madaidaici, kada a matse.

Mai kuwa ba a daina shi, ana canza iri ne a kuma rage yawa. Man zaitun da sauran man tsirrai masu ruwa-ruwa sun fi mai daskarewa, dafawa da gasawa sun fi suya, a cire fatar kaza da farin kitsen nama. Kifi sau 2 zuwa 3 a mako, jimilla giram 225 zuwa 340, irin su sadin da salmon. A guji manyan kifayen teku masu cin 'yan'uwansu, irin su shak, saboda sinadarin makuri mai guba da ke taruwa a namansu. Giya babu ita ko kaɗan.

Wadda tiraigilisaraid ɗinta ya doshi 11 tsarinta daban ne. Ita ana rage mata mai ƙwarai da gaske, wani lokaci zuwa giram 20 a rana, kuma wannan sai da kulawar masanin abinci, don kada ɗan ya rasa kitsen da ƙwaƙwalwarsa da idanunsa ke buƙata.

Idan na tsallake abinci kitsen jinin ba zai sauka da sauri ba?

Kada ki yi haka. Mai tsohon ciki idan ta daɗe ba ta ci ba, jikinta kan yi saurin farfasa kitse fiye da na sauran mutane, sinadarin kiton da ƙona kitse ke haifarwa ya taru a jini ya fito a fitsari. Ɗan abin taɓawa mai furotin kafin barci na rage tsawon yunwar dare.

Motsa jiki da nauyi fa?

Minti 150 a mako na motsi matsakaici, wanda za ki iya magana kina yi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane abinci ta fi komai sauƙi, kuma tana cin moriya biyu: tsoka na zuƙe suga, tana kuma taimakawa wajen share tiraigilisaraid. Ki tsaya idan kika ga jini ko ruwa, ko jiri, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa. Wadda mabiyiyarta ta tare bakin mahaifa ko aka yi wa ɗinkin bakin mahaifa ta fara jin ta bakin likita.

Ba a neman rama a lokacin ciki, ana dai tsare yawan ƙari. Mai matsakaicin jiki kilo 11.5 zuwa 16 a duk tsawon cikin, mai ɗan nauyi fiye da ƙima 7 zuwa 11.5, mai ƙiba 5 zuwa 9.

Ina shan sitatin, maganin rage kolestarol, kafin na samu ciki. In ci gaba?

Ga mafi yawan mata ana dakatar da shi da zarar an tabbatar da ciki, ko ma wata ɗaya zuwa uku kafin a fara nema. Toshewar jijiyoyi abu ne na shekaru, hutun wata tara ba ya canza lissafin sosai. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta janye hani mafi tsauri da ke kan maganin, amma ta ci gaba da cewa yawancin masu ciki su daina. Waɗanda aka ware su ne masu haɗari ƙwarai, kamar wadda ta gaji matsanancin hawan kolestarol daga iyaye biyu ko ta taɓa yin bugun zuciya. Wadda ta sha na 'yan makonni kafin ta san tana da ciki kada ta tayar da hankalinta, ta dai sanar da likita. Kuma sitatin ba shi ne babban maganin tiraigilisaraid ba tun asali.

Akwai wani magani da ake bayarwa?

Na farko shi ne daidaita suga, kuma idan abinci da motsi suka gaza, insulin na saukar da suga da tiraigilisaraid tare. Ga hawa mai tsanani likita na iya rubuta man kifi na omega-3 mai ƙarfi, giram 2 zuwa 4 a rana. Kada a musanya shi da man hantar kifi, wanda ke ɗauke da bitamin A mai yawa da zai iya cutar da ɗan ciki. Rukunin fibiret, magungunan rage tiraigilisaraid, ana ajiye shi ne ga wadda haɗarin fankiriyas ya yi mata kusa, bayan watanni ukun farko. Akwai kuma magunguna irin su kolestiramin, masu kama kolestarol a hanji ba tare da shiga jini ba. Suna saukar da LDL, amma suna ɗaga tiraigilisaraid, saboda haka ba na mai wannan matsala ba ne.

Bayan haihuwa komai zai koma daidai?

Da fitar mabiyiya rashin jin insulin ke fara janyewa. Tiraigilisaraid yakan sauka da sauri a makonnin farko, kolestarol ya biyo baya a hankali. Gwajin kitse kafin mako na 6 ba ya nuna ainihin matsayinki, gara a yi shi tsakanin mako na 6 da na 12 ko bayan haka. Shayarwa na gaggauta saukar tiraigilisaraid, domin nono na janye kitse daga jini, kuma an danganta ta da raguwar haɗarin ciwon suga nan gaba. Mai buƙatar komawa kan sitatin galibi sai ta yaye.

Gwajin gulukos giram 75 ana maimaita shi tsakanin mako na 4 da na 12 bayan haihuwa, kuma shi ne wanda hidimar jego ta fi sa a manta. Macen da ta yi ciwon sugan juna biyu haɗarinta na kamuwa da ciwon suga na dindindin ya kai kusan ninki goma na wadda ba ta yi ba, na ciwon zuciya da jijiyoyi kuma kusan ninki biyu. Ko sakamakon ya fito lafiya, a sake auna suga duk shekara 1 zuwa 3, a haɗa da awon hawan jini da kitse. Kafin ki sake ɗaukar wani cikin kuma, ki yi gwajin suga da na tiraigilisaraid tun ba ki ɗauka ba, ki tafi awon farko da takardun cikin da ya gabata a hannunki.